Motar Baba Ta Canza Murya

Auta mutum ne da ba a halicce shi da zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha, in kuwa ka ba shi kujera sai ya ɗosana a bakinta kamar wanda ya zo karɓar saƙo. A shagonsa na gyaran tabarau ne kawai hannunsa ke natsuwa, don ƙananan notunan nan ba sa son rawar jiki, amma ko a can ƙafarsa na ƙarƙashin tebur tana nata aikin. To, irin wannan mutumin ne kwali ya iso masa, ya tura shi ƙarƙashin gado, wai zai jira ranar hutu. Matarsa ta sha kallo a kwanakin nan. Sai ya janyo kwalin, ya buɗe, ya shafa abin da ke ciki, ya mayar, kafin ta gama ninke kaya ya sake janyo shi.

Abin da ke cikin kwalin sabon bakin salansa ne, wanda masu harkar mota ke kira heda. Bututu huɗu ne na farin ƙarfe, kowanne ya lanƙwaso ta hanyarsa suka haɗe wuri guda, ana ɗaura su a jikin inji su riƙa kwashe hayaƙi. Wanda ke jikin motar Baba, mahaifinsa, tsohon baƙin ƙarfe ne dunƙulalle, ya tsage tun Baba na da rai. Ta wannan tsagar hayaƙi ke sulalowa cikin mota, ta nan ne kuma motar ta samo wani tsak-tsak-tsak mai haɗe da tari, wanda ake jiyowa tun daga kwanar layi. Baba ya yi zamansa da shi lafiya, in an yi magana ya ce tsufa ne, kowa da irin nasa. Auta kuwa ya ce hayaƙin ke sa masa ciwon kai, kuma 'yarsa ba ta shiga motar ta fita ba tare da amai ba. Duk wannan gaskiya ne.

Da a wani gida ne, sai a kai mota gareji a huta. A gidan su Auta motar ba ta kwana a waje, kuma kowa ya san goben bakanike ba ta da rana. Dalili kuwa Inna ce, mahaifiyarsu. Tun bayan rasuwar Baba tunaninta ya fara zubewa, kaɗan-kaɗan, har rasuwar ma ta zube. An gaya mata, ta yi kuka kamar a ranar aka yi, ta manta. Aka sake gaya mata, ta sake kukan daga farko. Daga nan Yaya, babbar 'yarta, ta ce duk wanda ya ƙara furta maganar nan a gaban Inna, to da ita zai yi.

Da rana Inna ba ta da rigima. Amma da zarar inuwar katanga ta kai bakin famfon tsakar gida, sai ta fara sintiri tsakanin ɗakinta da taga, tana tambaya ko babansu ya dawo. Ba ta sa komai a baki sai ya dawo, haka ta saba tun ƙuruciya, wannan kuma bai zube ba. Sai gidan ya samo dabara ba tare da an zauna an tsara ba. Auta zai taso daga shago a motar Baba, ya yi hon a bakin get, ya shigo. Inna za ta sauke ajiyar zuciya ta ce babanku ya dawo, kada a dame shi, ya gaji. Ta zuba masa abinci da hannunta a kwanonsa, a kai ɗakinsa na bakin ƙofa inda ya saba ci shi kaɗai, sannan ta ci nata, ta sha magani, ta kwanta. Ranar da ba aiki, Auta kan fitar da motar Inna na barcin rana, ya yi ta zagaya gari har lokaci ya yi. Akwai ranar da taya ta fashe ya makara, a bakin babban titi aka tsinto Inna da takalmi a ƙafa ɗaya, tana leƙa motocin mutane.

Abincin Baba kuwa Auta ke cinyewa, a ɗakin Baba, ƙofa a rufe, ko tari mai ƙarfi ba ya yi. Yana son uwarsa, ba ya ƙyashin komai a kanta, amma ya gaji da zama mamaci kowace yamma, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Yana so ko abu ɗaya ne a jikin motar nan ya zama nasa, shi ya zaɓa, shi ya ɗaura da hannunsa.

Ranar hutun, tun gari bai gama wayewa ba ya shimfiɗa kwali a tsakar gida, ya jera sifanoni bisa tsohon zani daga ƙarami zuwa babba, irin jerin da yake wa kayan shago. Ya cire kan batir, ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da ƙafafun ƙarfe da ya aro. Yaya ta iso da jakarta, don ranar ce take zuwa ta yi wa Inna wanka ta gyara mata kai, ta tarar da bonet a buɗe da ƙafafun ƙanenta a ƙarƙashin mota. Ta tsaya a kansa ta tambayi abin da ake ciki. Ya yi mata bayani daga ƙasa, dogon bayani, har da yadda inji ke numfashi. Ta bari ya kai aya, sannan ta ce ita dai abin da ta sani a bar kaza cikin gashinta, kuma mai gyaran tabarau ya kamata ya fi kowa sanin yadda ake rasa ido garin neman gira.

"Kafin azahar na gama, Yaya."

"Ni ban tambaye ka azahar ba. Motar nan ta shigo get da yamma, iyakar abin da na sani ke nan."

Mutumin da ke cikin bidiyon koyon aikin da Auta ke kallo a waya ya cire nasa notunan kamar mai ɓarar gyaɗa. Shi ma ɗin ya ce a fesa musu mai mai cin tsatsa, a bar su su kwana suna sha, sai dai Auta kullum tsallake wurin yake yi don ya kai inda ake tayar da inji. Yanzu da ya cire murfin gwangwanin da ke kare zafi, ya ga notunan motar Baba ido da ido, sai jikinsa ya ɗan yi sanyi. Tsatsa ta cinye su har sun daina kama da noti, sun zama wasu jajayen ƙuraje a jikin ƙarfe. Ya fesa musu mai, ya ce bari ya ba su lokaci. A cikin lokacin nan ya share tsakar gida, ya kwance kan famfon da lafiyarsa ƙalau ya sake ɗaurawa, ya shiga kicin ya buɗe tukunya ya rufe, matarsa ta koro shi. Tsakanin kowane ɗayan waɗannan sai ya dawo ya ɗan taɓa noti da sifana ya ji ko ya yi laushi.

Ƙarar sifana ta fito da maƙwabcinsu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da duk layin ke kira Kawu Shawara. Kawu bai taɓa mallakar mota ba, amma babu motar da aka taɓa gyarawa a layin nan ba da izininsa ba. Ya ɗora haɓa a kan katanga ya fara aiki. Ya ce a zuba lemon kwalba. Ya ce a gasa notin da wuta. Da Auta ya nuna masa tiyon mai da ke wucewa kusa, sai ya ce ai dama gwada shi yake yi. A ƙarshe ya miƙo wani guntun bututu ta kan katanga, ya ce a zura wa sifana a ƙara mata tsawo, wannan kuwa ta yi amfani. Notunan suka fara sakin jiki ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin kukansa, kowanne kuma sai ya karɓi ɗan fatar yatsa kafin ya fito.

Saura guda, na can ƙurya ta baya, inda hannu ke shiga da ƙyar, ido kuma ba ya shiga sam. Wannan ya ce allambaran. Auta ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa, ya hau kan injin ya kwanta rub da ciki, sifana na zamewa. Rana ta take, gumi na shiga masa ido, azahar ɗin da ya yi alkawari ta zo ta same shi a nan. Abin da ya dace shi ne ya ƙara fesa mai ya je ya ci abinci ya dawo, kuma ya san haka. Sai ya ɗauko ƙarfen cire taya ya zura tsakanin tsohon bakin salansar da inji, wai zai ɗan girgiza shi notin ya ji motsi. Ya danna a hankali, bai ji komai ba. Ya danna da ƙarfi. Tsagar da Baba ya yi shekaru yana lallaɓawa ta ƙarasa tafiyarta, ƙarfen ya rabu biyu, babban ɓarin ya sulale ya faɗi a kan siminti. Guntun da ya rage ya yi lilo, notin da ya ƙi jin magana tun hantsi ya kwance da yatsa biyu.

Kawu Shawara ya leƙa ya ce dama abin da ya so ya faɗa ke nan. Auta ya ɗauki ɓarin biyu ya haɗa bakinsu, ya ga gefen ya marmashe kamar busasshen burodi, ya jefa su bayan randar fulawa. Bai ji komai ba a lokacin sai ɗan daɗi ma, don yanzu ko Yaya ta so a fasa, aikin gama ya gama.

Ƙarar faɗuwar ce ta fito da Inna. Ta tsaya a bakin baranda, kanta rabi a gyare, tana kallon motar mijinta a ɗage, ciki a buɗe, da wani mutum baƙi ƙirin da mai a gabanta. Ta gaishe shi da ladabi, irin gaisuwar da ake wa mai aikin da aka kira, ta tambaye shi ko mai gidan ya san ana taɓa masa mota. Auta ya durƙusa ya ce ya sani, shi ya sa shi. Ta ce to ya yi a hankali, mai gidan ba ya son a canza masa zaman kaya, kuma a ba bawan Allah ruwa. Yaya ta fito ta kama hannunta ta mayar da ita ciki, ta waiwayo ta yi wa ƙanenta wani kallo da ya fi zagi.

Sabon abu kuma ya zo da nasa halin. A kwali an rubuta cewa daidai motar aka yi shi, amma ko dai motar ba ta iya karatu ba, ko masu rubutun ba su taɓa ganinta ba. Ya zura shi ta sama, bututu ɗaya ya tokari sandar sitiyari. Ya juya shi, wani ya tokari wurin auna baƙin mai. Ya fitar, ya zagaya motar, ya koma ya sake zurawa ta hanyar da ta ƙi ɗazu, kamar a 'yan mintunan nan motar za ta canza ra'ayi. Sai da ya haƙura ya kwanta a ƙasa ya turo shi ta ciki, ya kira matarsa ta tarbe shi ta sama. Ta zo da tsumman ɗaukar tukunya ta riƙe, tana cewa rabon da ta ga ya rungumi wani abu haka tun suna sabon aure. Bai yi dariya ba, don ta gefen taya yana hango inuwar katanga, ta baro gindinta ta fara rarrafowa tsakar gida.

Ya ɗaura notuna rabi kafin ya lura ya sa fakin a juye, wato siririn faifan da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada hayaƙi ya tsere. Ya tsaya yana kallonsa, yana neman fatawar da za ta ce a bar shi haka. Bai samu ba. Ya kwance, ya juya, ya sake ɗaurawa, daga tsakiya zuwa gefe yadda aka ce, kaɗan nan kaɗan can, cikin sauri. Da ya koma ƙasa zai haɗa wutsiyar sabon da sauran salansar, sai ya ga sun saɓa da kamar faɗin yatsa. Nan Kawu Shawara ya zagayo ta get da kansa, ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya sa ƙafa ya tura salansar har ramukan suka haɗu, yana nishi yana ba da labarin wani jirgi da ya taɓa gyarawa da igiya.

A cikin gida Inna ta fara sintirinta. Daga ƙarƙashin mota Auta na jin takunta, silifas na ja a kan tayil, daga ɗaki zuwa taga, daga taga zuwa ɗaki, da muryar Yaya tana cewa yanzu zai dawo, Inna, hanya ce ta cushe. Yaya ta saki labulen tagar tsakar gida don kada Inna ta ga motar, ta ja ta zuwa ɗakin baya da zancen wani zani da ake nema. Auta ya sauke motar daga kan ƙarfe, ya mayar da kan batir, ya kwashe sifanoni da ƙafa. Don kada a ji tashinta a gida, shi da Kawu da matarsa suka tura ta waje a kashe, suka gangara da ita har gaban gidan Kawu.

Ya murɗa makulli. Injin ya kama nan take, da wani gurnani mai kauri, mai santsi, wanda ya taso daga ƙasa ya bi kujera ya shiga ƙirjinsa. Ɗan farin hayaƙi ya tashi daga sabon ƙarfen inda man hannunsa ke ƙonewa, ya baje. Babu tsak-tsak, babu tari, babu warin da ya saba cika motar. Ya ɗan taɓa totur, ta amsa kafin ya gama tambaya. Farin ciki ya kama shi sosai, irin wanda ya daɗe bai ji ba, har ya buga sitiyari da tafin hannu yana dariya shi kaɗai. Kawu ya ce wannan aiki nasu ya yi kyau. Auta ya ja motar ya zagaya ta bayan makarantar firamare, ya bi ta gaban masu wankin mota, taga a buɗe, yana sauraron abin da hannunsa ya yi. Inuwa ta wuce famfo da ɗan dama, amma bai makara can ba.

Ya shawo kwanar layi yadda ya saba, ya yi hon a bakin get, matarsa ta buɗe, ya shigo ya kashe. Ya wuce ɗakin Baba ya rufe ƙofa, ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yana jiran kwano. Kwano bai zo ba. Takun silifas bai tsaya ba. Can sai Yaya ta turo ƙofar ba sallama, ta mayar ta rufe, ta jingina da ita.

"Inna ta ce an yi baƙo, a je a ga ko waye, a gaya masa mai gidan bai dawo ba."

Ya ce ai ya yi hon. Ta ce ta ji hon ɗin, ita ma Inna ta ji, cewa ta yi baƙon ba shi da ta ido, yana wa mutane hon a ƙofar gida. Duk tsawon lokacin nan gidan na zaton hon ne, ko ƙarar get, ko dai lokacin ne da kansa. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da Inna ke saurare. Ashe tun daga kwana take tarbar mijinta, da tsak-tsak ɗin nan da tarin, ƙarfen da ke yin sautin kuwa yana can bayan randar fulawa a ɓare biyu. Yaya ba ta ce na gaya maka ba, don ita ma ba wannan ta hango ba. Tsoro ne kawai a fuskarta.

Auta ya fita. Suka sake tura motar waje a kashe. Ya zagaya, ya shigo a hankali da babbar giya, yana sa injin ya yi kakari, ko zai yi kama. Daga taga Yaya ta girgiza kai. Ya sake fitarwa, wannan karon ba wanda ya damu da turawa. A gaban gidan Kawu ya buɗe bonet, ya ɗauko sifana, ya tsaya a kan aikin da ya wuni yana yi. Farin ƙarfen har ya fara ɗaukar launin zuma don zafi. In tsaga ce ke kawo sautin, to zai yi tsaga. Ya zura hannu ya sassauta notunan gefe ɗaya, ƙarfen ya lashe masa bayan hannu, fatar ta tashi nan take, bai ko tsaya dubawa ba. Ya tayar. Hayaƙi ya samu hanya, ya fara wani fit-fit-fit mai kaifi. Ya kasa kunne, ya ƙara sassautawa, ya ɗan ɗaure, ya koma ɗaya gefen. Kawu Shawara na tsaye a gefe, hannu a baya, yau ba shawara.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ya nemi tsohon sautin a kansa ya rasa. Shekara da shekaru yana cikin motar nan, ya tsani sautin har ya daina jinsa, yanzu ga shi yana so ya kwaikwaye shi bai san daga ina ake farawa ba. Ya zagaya ya shigo da fit-fit ɗin. Ya fita ya sake taɓa noti, ya zagaya ya shigo. Masu wankin mota suka daina ɗaga masa hannu, suka koma bin sa da ido. Rana ta yi ja a bayan rufin makaranta, matarsa ta gaji da buɗe get da rufewa ta bar shi a buɗe.

A zagayen da ya biyo baya, yana shawo kwana ya hango su. Inna na tsaye a bakin get, mayafi a karkace, takalma a ƙafa, hannunta ɗaya riƙe da ƙarfen ƙofar. Yaya na bayanta ta riƙe mata gefen zani, matarsa na can baya da kwanon abincin Inna a rufe. Babu hanyar shiga sai ta kanta. Ya tsaya nesa kaɗan, ya bar injin na aiki, ya fito. Ya tako ya rage tsawo a gabanta, yana ɓoye hannun da ya ƙone.

Inna ba ta kalli motar ba. Motar ba ta ce mata komai ba, don haka mutumin da ya fito daga ciki ta kalla. Ta daɗe tana kallonsa, daga goshi zuwa haɓa, ta sa babban yatsa ta goge masa baƙin mai a kumatu.

"Auta."

Rabonta da kiran sunan nan tun kafin 'yarsa ta fara tafiya. Ya amsa da ƙyar. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu suka danne shi.

"Dubi yadda ka yi da jikinka. Ina ka baro babanka?"

Ta bayan kafaɗarta Yaya na girgiza masa kai a hankali, hawaye na zuba. Ya ce yana nan, Inna, yana hanya.

"A ƙafa? Ga ka da mota ka bar shi a ƙafa?" Ta gyara mayafinta, muryarta ta dawo irin ta da, wadda ba a musu da ita. "Koma ka ɗauko shi. Idonsa ba ya gani sosai in duhu ya fara. Yi sauri, ina nan, ba zan ci ba sai kun zo."

Ya ce to, Inna.

Ya koma motar ya juya ta. A madubi yana ganinta tsaye a bakin get, ta saki ƙarfen ƙofar ta harɗe hannu, hankalinta kwance, don ta aiki ɗanta kuma ta san ba ya ƙin aike. Ya tafi a hankali har ƙarshen layi, inda hanya ta rabu hagu da dama, ya taka birki. Ya duba hagu, ya duba dama, hannunsa na kan sitiyari. Wani mai mota ya zo bayansa ya yi masa hon, ya sake yi, da ya gaji ya kauce ta gefe ya wuce.